Sun Rushe Ƙungiyar, Sannan Sun Ce wa Yaran Ƙofa a Buɗe Take

Ranar 20 ga Maris, 2021, a birnin St. Louis na Amurka, wani ɗalibi mai suna Shane Griffith ya shiga fili domin karawar ƙarshe a gasar kokawa ta jami'o'in ƙasar, a ajin masu nauyin kusan kilo 75. Al'adar gasar ita ce kowa ya fito da rigar makarantarsa, sunanta ɓaro-ɓaro a ƙirji. Shi kuwa baƙar riga ce a jikinsa, ba suna ba tambari. Ya doke Jake Wentzel na Jami'ar Pittsburgh, ya zama mutum na biyu a tarihin Jami'ar Stanford da ya taɓa cin wannan kambu, bayan Matt Gentry a 2004. Da aka tashi sai ya zura wata riga mai ɗauke da roƙon a bar kokawa ta ci gaba a Stanford, 'yan kallo kuma suka ɗauki kalaman suna ta rerawa.

Dalilin baƙar rigar shi ne, wata takwas kafin wannan rana, a ranar 8 ga Yuli, 2020, Stanford ta sanar da cewa za ta soke wasanni 11 daga cikin 36 da take da su, da zarar kakar 2020 zuwa 2021 ta ƙare. Kokawa na ciki, haka ƙwallon ragar maza, da wasan takobi, da tseren kwale-kwale na maza, da sauransu. Ɗalibai sama da 240 da masu horarwa 22 abin ya shafa. Jami'ar ta ce sashen wasanninta na fuskantar giɓin da zai iya kai dala miliyan 70 cikin shekara uku, ga kuma annobar korona ta ƙara dagula lissafi. Ta kuma yi alkawari biyu: duk wanda ya zauna za a ci gaba da biya masa tallafin karatun da aka ba shi, wanda kuma yake son tafiya wata makarantar za a taimaka masa.

Wannan alkawari na biyu shi ne abin da ya dame ni. Kusan kowace jami'ar da ta soke wasa a Amurka sai ta sa shi a takardar sanarwarta, kuma da shi take wanke hannunta. Ni a ganina, buɗe wa ɗalibi ƙofar fita ba ya biyan bashin da ke kan wanda ya kira shi ya shigo.

Sai an fahimci yadda abin yake a can kafin a ga nauyin maganar. A Amurka wasannin jami'a babbar harka ce, hukumar NCAA ke kula da ita, kuma ɗalibai kusan rabin miliyan ne ke wasa a ƙarƙashinta. Yaron da ya nuna hazaƙa a ninƙaya ko gudu ko kokawa tun yana sakandare, kociyoyin jami'o'i ne ke bin sa. Suna kiran waya, suna zuwa har gida su zauna da iyayensa a falo, suna gayyatarsa ya zo ya ga makaranta da wurin atisaye da ɗakin da zai kwana. Yaro mai shekara 17 ko 18 ya duba, ya ƙi makarantu uku ko huɗu da ke zawarcinsa, ya sa hannu a takardar guda ɗaya. Daga ranar guraben da ya ƙi sun tafi, an ba wasu. Saboda haka idan jami'ar ta waiwayo bayan shekara ɗaya ko biyu ta ce wasan nan mun daina, amma kana da 'yancin tafiya, tana mayar da shi kasuwar da ta riga ta watse ne. Ita ta zaɓi lokacin kiransa, ita ta zaɓi lokacin sallamarsa, shi kuma aka bar shi da neman mafita.

Ba na musun cewa an sassauta dokokin sauya makaranta. A da, ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka ko ƙwallon kwando da ya koma wata jami'a sai ya zauna shekara guda bai yi wasa ba, kuma kocinsa na iya hana wasu makarantu tuntuɓarsa. A Oktoban 2018 NCAA ta buɗe wata rajista ta intanet inda ɗalibi zai sa sunansa, kociyoyin ko'ina su ga cewa yana neman wuri. A Afrilun 2021 aka ba kowa damar sauyawa sau ɗaya ba tare da zaman jira ba, a 2024 kuma aka cire ko wannan iyakar. Tun kafin haka ma akwai sassauci na musamman ga wanda aka soke wasansa, yana iya fara wasa nan take a sabuwar makaranta. Duk wannan ci gaba ne, kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Sai dai izinin tafiya daban, samun masauki daban.

Mu ɗauki wasan lanƙwasa jiki na maza, wato gymnastics. A ƙarshen shekarun 1960 jami'o'i da kwalejoji sama da 200 ne ke da ƙungiyoyinsa. Zuwa 2020 saura 15 a ƙarƙashin NCAA. A cikin 'yan makonni na wannan shekara Jami'ar Iowa da Jami'ar Minnesota suka ce su ma sun haƙura, alhali ta Minnesota ta haura shekara 100 tana yi. To yaran ƙungiyoyin nan biyu ina za su? Sauran makarantun kowace na da nata yaran da ta riga ta ɗauka, kuma a lokacin doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiya kuɗin tallafin da bai wuce na mutum 6.3 ba, wanda ake gutsuttsurawa a raba wa mutum goma sha wani abu. Tauraro irin Shane Wiskus na Minnesota ya samu hanya, ya koma cibiyar horar da 'yan Olamfik da ke Colorado Springs, har ya wakilci Amurka a gasar Tokyo. Amma ƙungiya ba taurari ba ce zalla. Akwai yaron da shi ne na tara ko na goma sha biyu a iyawa, wanda tun yana ɗan shekara shida uwarsa ke kai shi atisaye da asuba kafin ta wuce aiki. Wannan yaron ranar da aka karanta sanarwa, ranar wasansa ya ƙare, ko da kuwa sunansa zai shekara a rajista.

Batun kuɗin nan yana da muhimmanci, domin mutane da yawa na zaton duk ɗan wasan jami'a a Amurka karatu yake kyauta. Ba haka ba ne. Kafin a sauya ƙa'idar tallafin a 2025, ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka a manyan jami'o'i na da cikakken tallafi na mutum 85. Kokawa kuwa na mutum 9.9 ne ga ƙungiyar da kan kai mutum talatin, ninƙayar maza ma 9.9, guje-guje da tsalle-tsalle na maza 12.6, ƙwallon ragar maza 4.5. Yawancin yaran waɗannan wasanni rabi ko rubu'i ake biya musu, wasu kuɗin littattafai kawai, iyaye su cika sauran. Wanda ya tashi neman sabuwar makaranta a tsakiyar shekara zai tarar kociyan can ya riga ya rabar da ɗan abin da ke hannunsa. Sai a ce masa ka zo, muna so, amma bana ba kuɗi. Idan kuma daga jami'ar jiharsu zai koma ta wata jiha, kuɗin makarantar na iya ninkawa biyu ko uku, domin jami'o'in gwamnati a can sun fi cajin baƙo.

Ga kuma karatun kansa, wanda shi ne ake cewa asalin abin da ya kawo su. Ba kowane kwas da ɗalibi ya ci a wata jami'a ne sabuwar ke amincewa da shi ba. Ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a 2017 da ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta na asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kwasa-kwasan da suka riga suka ci. Ka ɗauki yarinyar da ke aji uku tana karanta injiniya ko aikin jinya, tana kuma ninƙaya. Idan ta tafi, mai yiwuwa ta ƙara shekara guda a makaranta, da kuɗinta. Agogon NCAA kuma ba ya tsayawa: shekara biyar ake ba ɗalibi ya yi kakar wasa huɗu a cikinsu. Idan ta zauna, ta ci gaba da samun tallafinta, amma ta rabu da abin da ta ba shekara goma sha biyar na rayuwarta. Kowanne ta ɗauka da asara, kuma ba ita ta jawo ba.

Ɗaliban da suka zo daga ƙasashen waje nasu ya fi tsanani, kuma nan ne maganar ta taɓo mu kai tsaye. 'Yan tseren Najeriya da dama ta jami'o'in Amurka suka bi suka kai inda suka kai. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren mita 100 na tsallake shinge a 2022, a Jami'ar Texas da ke El Paso ta goge. Divine Oduduru ya yi Texas Tech, Favour Ofili ta yi Jami'ar Jihar Louisiana. Su ƙungiyoyinsu ba a taɓa su ba, amma a bayansu akwai ɗaruruwan matasa daga Afirka da Turai da Kudancin Amurka da ke cike ƙungiyoyin gudu da tanis da ninƙaya, irin waɗanda aka fi saurin sokewa. Bizar ɗalibi a ɗaure take da makarantar da ta ba shi takarda. Kafin ya koma wata sai sabuwar ta ba shi tata takardar, shi kuma sai ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa. Yaron da gidansu ke da nisan dubban kilomita, ba shi da kawu ko gwaggo a kusa da zai sauka wurinsu kafin abubuwa su daidaita, shi ma haka ake ce masa ƙofa a buɗe take.

Masu kare jami'o'in na da hujjojinsu, kuma ba zan yi kamar ba su da nauyi ba. Jami'a wurin karatu ce. Mafi yawan sassan wasanni a Amurka ba sa iya riƙe kansu, sai an ɗebo daga asusun makaranta ko daga kuɗin da ake ɗora wa ɗalibai, har da waɗanda ba su taɓa taka filin wasa ba kuma da bashi suke karatu. Ƙaramar jami'a irin Akron ta jihar Ohio, wadda ta soke wasanni uku a Mayun 2020, a shekarar har malamai ta sallama. Ita ma Stanford ta yi nuni da cewa wasanni 36 take ɗauke da su alhali matsakaicin takwarorinta bai wuce 18 ba, kuma dukiyar wakafinta, wadda a lokacin ta haura dala biliyan 27, mafi yawanta masu bayarwa sun ƙayyade abin da za a yi da ita. Wasu daga cikin wasannin ma, irin su tseren jirgin ruwa mai filafilai, kusan na 'ya'yan masu hali ne, kuma a 2019 an kama kocin wannan wasa na Stanford a badaƙalar sayen guraben shiga jami'a. Saboda haka ban ce haramun ne jami'a ta rage wasanni ba. Tana da wannan haƙƙi, wani lokaci ma dole ce.

Inda na rabu da su shi ne a kan yadda ake yi da kuma wanda ake ɗora wa nauyin. Idan jami'a za ta rufe wani sashen karatu, a ce sashen harsuna ko na ilimin ƙasa, ƙa'idar da hukumomin tantance jami'o'i suka shimfiɗa ita ce a daina ɗaukar sababbi, a kuma tanadi hanyar da waɗanda ke ciki za su kammala. Ba wanda zai yarda a ce wa ɗalibin aji biyu sashenka ya mutu daga watan gobe, ka nemi wani wuri. Me ya hana a yi wa ɗan wasa haka? Shi ma fa da sunan jami'ar aka je aka ɗauko shi, kuma a kan wannan wasan aka yi yarjejeniya. Abin da ya kamata shi ne a sanar yau, a daina ɗaukar sababbin 'yan wasa, a bar ƙungiyar ta ci gaba har ajin ƙarshe da aka ɗauka ya fita. Wanda ya ga ƙungiyar na raguwa ya fi son tafiya, sai ya tafi a tsanake, ya nemi wuri a lokacin da ake rabon gurabe, jami'ar kuma ta cika masa bambancin kuɗi idan sabon wurin bai kai tsohon ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya ɗauka shi ya kamata ya kai shi inda ya ce.

Za a ce wannan zai ci kuɗi. Ƙwarai zai ci, amma a duba girman kuɗin. Ƙungiyar kokawa ko ta ninƙaya abin da take ci a shekara bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kasafin manyan sassan wasanni, wanda kan haura dala miliyan 100. Jami'ar Jihar Michigan ta soke ninƙayar maza da ta mata a Oktoban 2020, ta ce ba kuɗi. Wata goma sha uku bayan haka, a Nuwamban 2021, ta ba kocinta na ƙwallon ƙafar Amurka, Mel Tucker, kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 95. A Disamban 2020, tsakiyar annoba, Jami'ar Auburn ta kori kocinta Gus Malzahn ta biya shi sama da dala miliyan 21 na sallama. A 2023 Texas A&M ta kori Jimbo Fisher da kuɗin sallama sama da miliyan 75. Na san amsar da ake bayarwa: ƙwallon ƙafa ce ke kawo kuɗin talabijin, kuma attajiran magoya baya ne ke biyan wani ɓangare na waɗannan kuɗaɗe. Na ji. Amma tsarin da ya iya mutunta kwantiragin kocin da ya gaza har kwabon ƙarshe, bai kamata ya kasa mutunta maganar da ya yi wa yarinya 'yar shekara 18 a gaban iyayenta ba. Bambancin kawai shi ne koci na da lauya da takarda mai ƙarfi, ita kuwa ba ta da su.

Abin da ya fi tabbatar min da cewa gaggawa da raini sun yi yawa a lamarin shi ne yawan jami'o'in da suka janye da aka matsa musu. Brown ta maido da guje-gujen maza cikin makonni kaɗan a 2020. Dartmouth ta soke wasanni biyar a Yuli, ta maido da su a Janairun 2021. William & Mary ta soke bakwai a Satumba, sai aka gano cewa sassan wasiƙar sanarwarta an kwafo su ne daga ta Stanford, daraktar wasanninta ta sauka a Oktoba, daga baya aka maido da duka. Ka duba wannan da kyau: takardar da za ta juya rayuwar ɗalibai sama da ɗari, ba a ma zauna an rubuta ta da kalmomin gida ba. Clemson, wadda ke kashe maƙudan kuɗi a ƙwallon ƙafa, ta soke guje-gujen maza a Nuwamban 2020, ƙungiyar da ke cikin 'yan ƙalilan da baƙaƙen fata ke da yawa a cikinsu, ta kuma maido da ita a Afrilun 2021 da ta ga shari'a na tafe. Ita kanta Stanford a ranar 18 ga Mayu, 2021 ta ce duka wasanni 11 sun tsira, bayan tsofaffin ɗalibanta sun yi gangami sun tara alkawuran miliyoyin daloli, wasu 'yan wasan kuma sun shigar da ƙara. Kuɗin da aka ce babu, cikin wata goma sai ga hanyarsa ta samu. Da an zauna da waɗannan mutane tun farko, kafin a fitar da sanarwa, ai da ba a kai ga haka ba.

Makamin da ya fi aiki a waɗannan shari'o'i shi ne dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Da ita 'yan ninƙayar Iowa mata suka je kotu, alƙaliya ta dakatar da sokewar a Disamban 2020, jami'ar ta maido da ƙungiyar a Fabrairun 2021, har daga baya ta ƙara da kokawar mata. Na yi murna da nasararsu. Amma maza 'yan ninƙaya da ke atisaye da su a kududdufi ɗaya ba su da wannan makami, nasu ya tafi ke nan, haka 'yan tanis da 'yan lanƙwasa jiki. Dokar tana kare daidaito ne tsakanin jinsi biyu, ba ta ce komai a kan alkawarin da aka yi wa ɗalibi a matsayinsa na mutum ɗaya ba. Wannan giɓi ne da NCAA ya kamata ta cike da ƙa'idarta.

Kuma ko inda aka janye, ɓarnar ta riga ta auku. Ƙungiya ba a kashe ta a kunna kamar fitila. Kocin kokawar Stanford, Jason Borrelli, ya karɓi aiki a wata jami'a da ke birnin Washington makonni kaɗan kafin a sanar da janyewar, domin shi ma yana da iyalin da zai ciyar. A Iowa, kafin hukuncin kotu ya fito 'yan ninƙaya da dama sun riga sun nemi wasu makarantu. Yaran sakandaren da aka yi wa tayi a shekarar sun kama gabansu. Wanda ya gaskata maganar hukuma ya tattara kayansa ya tafi, shi ya fi kowa asara: ya bar abokansa da malamansa da digirin makarantar da ya zaɓa, sannan ya ji a labarai cewa an fasa.

Babu misalin da ya nuna wannan kamar na Jami'ar Alabama da ke Birmingham, wato UAB. A ranar 2 ga Disamba, 2014, kwanaki kaɗan bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafarta ta kammala kakar da ta ci wasa shida ta faɗi shida, mafi kyau da ta yi cikin shekaru, shugaban jami'ar Ray Watts ya tara 'yan wasan a ɗaki ya ce musu an rufe. Rabon da a rufe ƙungiya a wannan babban mataki tun 1995. Bidiyon taron ya bazu ko'ina. A ciki ana ganin ƙarti majiya ƙarfi suna kuka, ɗaya daga cikinsu, Tristan Henderson, tsohon soja ne da ya yi aiki a Iraƙi, ya miƙe yana magana muryarsa na rawa, yana tambayar abin da zai faɗa wa ɗansa da kuma inda ƙananan cikinsu za su dosa. Cikin makonni kociyoyin wasu makarantu suka yi ta zuwa suna zaɓen na zaɓe. Jordan Howard ya tafi Indiana, daga can ƙungiyar ƙwararru ta Chicago Bears ta ɗauke shi a 2016. Jake Ganus ya tafi Georgia. Sunayen da ake ambata ke nan idan ana son nuna cewa sauya makaranta na aiki. Ƙungiyar kuwa mutum wajen ɗari ce. Wasu sun gangara ƙananan makarantu, wasu sun ajiye wasan. Bayan wata shida cif, a ranar 1 ga Yuni, 2015, da mutanen gari da 'yan kasuwa suka yi alkawarin kimanin dala miliyan 17, sai jami'ar ta ce ta maido da ƙungiyar. Ba ta koma fili ba sai 2017, a 2018 kuma ta ci kofin rukuninta. Labari ne mai daɗi ga birnin Birmingham, amma yawancin yaran da ke cikin ɗakin nan a Disamban 2014 ba su ne suka ɗaga kofin ba.

Akwai wata magana da nake so in kawar, ta masu zargin yaran da rashin biyayya. Tun da aka sassauta doka, tsofaffin kociyoyi da masu sharhi ke kukan cewa 'yan wasan yanzu ba su da haƙuri, abu kaɗan sai su sa suna a rajista. A wasu wuraren ƙila akwai ƙamshin gaskiya. Amma a kan yaron da aka rushe ƙungiyarsa, wannan zargi zalunci ne. Shi kansa Griffith ya sa sunansa a rajistar kafin Stanford ta janye, kuma daidai ya yi. Wanda aka ce wa nan da wata tara ba ka da wuri, idan ya fara neman wani tun yau hankali ya yi. Haka kuma wanda ya zaɓi ya zauna ya ƙarasa digirinsa ya haƙura da wasan bai yi ragwanta ba. Laifin yana kan waɗanda suka tsara kasafi shekara da shekaru suna ƙara albashin kociyoyi da gine-ginen ƙawa, har ranar da lissafi ya ƙi, sannan suka waiwayi ƙungiyoyin da ba a nuna su a talabijin.

Amurka kanta tana da abin da za ta rasa. Gwamnatinta ba ta ba kwamitin Olamfik na ƙasar kuɗi kamar yadda ake yi a yawancin ƙasashe, jami'o'i ne ke renon 'yan wasanta. Kusan kashi uku cikin huɗu na tawagarta a gasar Paris ta 2024 sun yi wasa a jami'a. Maza biyar da suka ciyo mata tagulla a lanƙwasa jiki, lambar ƙungiya ta farko tun 2008, daga Stanford da Michigan da Penn State suka fito, wato daga cikin 'yan makarantun da suka rage.

Matsin kuma ƙaruwa yake. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta yanke hukuncin da ya kayar da NCAA a shari'ar Alston, wadda 'yan wasa suka shigar kan iyakar da hukumar ke sa wa amfanin karatun da ake ba su, daga 1 ga Yulin shekarar kuma aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. A ranar 6 ga Yuni, 2025, alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sasantawar wata ƙarar da 'yan wasa suka shigar da NCAA, wato shari'ar House, wadda ta tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ta kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wannan haƙƙi ne da ya daɗe bai zo ba, musamman ga 'yan ƙwallon ƙafa da na kwando da aka shekara ana cin biliyoyi da guminsu. Sai dai mafi yawan kuɗin wurinsu zai tafi, kuma sai an samo shi daga wani wuri. Tun kafin a sa hannu aka fara gani. Cal Poly ta jihar Kalifoniya ta soke ninƙaya a Maris 2025, ta ambaci wannan sasantawa cikin dalilanta, magoya baya suka tara miliyoyin daloli, jami'ar ta ce bai kai ba. Grand Canyon ta jihar Arizona ta soke ƙwallon ragar maza a Afrilu, shekara ɗaya tak bayan ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙasa.

Tunda dai an shiga zamanin da jami'a ke ƙulla yarjejeniyar kuɗi a rubuce da ɗan wasanta, to a rubuta wannan ma a ciki. NCAA ta sa shi sharaɗi ga duk makarantar da ke son zama mamba: ba a rufe ƙungiya sai ajin ƙarshe da aka ɗauka ya kammala, ko kuma a biya wa kowane ɗalibi cikakken abin da ƙaurarsa za ta ci, har da kwasa-kwasan da zai maimaita. Kafin a kai nan, duk uban da koci ya zo masa da tayi, ko a Ohio yake ko a Kaduna, ya kamata ya tambaya tun kafin ɗansa ya sa hannu: idan kuka soke wasan nan yana aji biyu, me za ku yi masa? Ya kuma nemi a ba shi amsar a takarda.